Manhajar da Ba Ta Gyaruwa Bashi Ce

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Daga Maƙera har cikin gari, waya ta koma tocila. Duk manhajar da aka gina bisa zaton intanet ba ta ɗaukewa ta tsaya cik. Wannan tsayawa ba laifin katsewar kaɗai ba ne. Maginin manhajar yana da kasonsa, haka ma jami'in da ya sa hannu ya karɓe ta.

Manhaja mai inganci hawa-hawa ake gina ta. Hawan sama shi ne fuskar da ma'aikaci ke gani yana latsawa. Na tsakiya shi ke riƙe da ƙa'idojin aiki: nawa ne kuɗin kati, wa ya cancanci rangwame. Na ƙasa shi ke kula da ajiyar bayanai da hulɗa da waje. Kowane hawa da na ƙarƙashinsa kaɗai yake magana, ta ƙofar da aka sani. A asibitin da manhajarsa ke da wannan tsari, idan sabis ya ɗauke, hawan ƙasa kawai za a sauya ya riƙa adana bayanai a kwamfutar ofis har layi ya dawo. Rajistar marasa lafiya ba za ta tsaya ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1968 Edsger Dijkstra ya bayyana tsarin da ya gina hawa-hawa a ƙasar Holan. Maƙerin gargajiya ma ya san hikimar: ruwan fartanya daban, ƙota daban, domin idan ƙota ta karye ba a jefar da ƙarfen.

'Yan kwangila kan ce rarrabewar tana cin lokaci da kuɗi. Gaskiya ne, kuma ƙaramar manhajar mako guda ba ta buƙatarta. Amma manhajar makaranta ko asibiti shekaru take yi, dokoki kuwa ba sa jiranta. A 2015 Asusun Bai Ɗaya ya sauya hanyar biyan kuɗi ga hukumomin tarayya. Inda aka cakuɗa lissafi da fuska da ajiya wuri ɗaya, irin wannan sauyi yakan zama rushe gini, sai a koma wurin ɗan kwangilar nan ya yanka farashin da ya ga dama. Araha ba ta ado.

Saboda haka alhakin yana wuyan mai saye. Kafin a biya kashin ƙarshe, wajibi ne a miƙa asalin rubutun manhajar, kuma wani masani daban ya gwada sauya hanyar biyan kuɗi ba tare da ya taɓa sauran hawan ba. Idan ya gagara, to bashi aka sayo, wanda magajin kujerar zai biya.