Korar Yaro Kan Zargin Sata: A Bi A Hankali

'Yan'uwa dillalai da fatake. Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a tsakaninmu, daga Kotobabi da Nima da Maamobi har karar Turaku ta Ashaiman. Da zarar sa ya ɓace, ko kuɗin ciniki ya yi giɓi, sai a ce yaro ne, a kore shi hannu rabbana, a bar shi da sunan ɓarawo a zango. Wa zai sake ba shi amanar turke? Wa zai ba shi 'ya?

Jama'a, zato ba shaida ba ne. Mun koya tun a Islamiyya cewa mai tuhuma shi ke kawo hujja. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar ƙwadago ta Ghana, mai lamba 651 ta 2003, ta yarda a sallami ma'aikaci kan laifi, amma sai laifin ya tabbata, kuma maigida ne zai nuna dalilinsa da hanyar adalcin da ya bi. Albashin da yaro ya riga ya yi wa aiki kuwa haƙƙinsa ne, dole a biya shi.

Kai kuma ɗana da aka kora, kada ka ɗau doka a hannunka. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Nemi waɗanda suka ga ƙirgar shanu su shaide ka, ka fara kawo kukanka gaban dattawan ƙungiya da liman. In sulhu ya gagara, ka je Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Tana da ikon ta sa a maida kai aiki ko a biya ka diyya. Mara kuɗin lauya yana iya neman taimako a hukumar Legal Aid. In an kai ka ga 'yan sanda, tsarin mulkin 1992 ya ce cikin awa 48 a kai ka kotu ko a sake ka.

Ba na kare ɓarawo. Wanda ya ci amana a hukunta shi, amma bayan bincike. Shawarata, kowane maigida ya riƙa rubuta adadin shanu da albashi a littafi, kuma ƙungiya ta saurari ɓangarori biyu kafin a kori kowa. Asarar sa ana mayarwa a ciniki na gaba, mutuncin ɗan mutane fa? Allah Ya sa mu dace, amin.