Rumbun bayanai: Yadda manhajojin kyauta suka kutsa kasuwar da Oracle ya daɗe yana riƙe da ita

A ranar 10 ga watan Satumban 2025, darajar hannun jarin kamfanin Oracle ta yi tashin gwauron zabi da kusan kashi 36 cikin ɗari a yini guda, har wanda ya jagoranci kafa shi, Larry Ellison, ya zarce Elon Musk na ɗan lokaci a jerin attajiran duniya. Abin da ya zaburar da masu zuba jari shi ne manyan kwangilolin bai wa kamfanonin ƙirƙirarriyar basira hayar cibiyoyin kwamfuta. Kusan babu wanda ya ambaci hajar da ta gina kamfanin tun 1977, wato manhajar rumbun bayanai, wadda yanzu take fuskantar gasa daga abokan hamayyar da ba sa karɓar ko sisi a kan lasisi.

Rumbun bayanai manhaja ce da mutane ke mu'amala da ita kullum ba tare da sun gan ta ba. Idan mazaunin Jidda ko Landan ya aika wa iyalinsa kuɗi gida, ita ce ke rage adadin daga wannan asusu ta ƙara a wancan. Idan kuma wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, ita ce ke mayar da komai yadda yake, don kada kuɗin su salwanta a hanya. Tikitin jirgi, rajistar fasfo, katin asibiti da jerin albashi duk a irin wannan rumbu suke kwance, shi ya sa duk wanda ya mallaki rumbun yake da babbar murya a kan wanda ya zuba kayansa a ciki.

Zamanin lasisi

Tushen fasahar ya samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya wallafa a 1970, inda ya bayyana yadda za a jera bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. IBM ya yi jinkirin mayar da tunanin haja, sai Oracle ya riga shi shiga kasuwa a 1979. IBM ya biyo baya da DB2 a 1983, Microsoft kuma da SQL Server a 1989.

Tsarin cinikin waɗannan kamfanoni iri ɗaya ne. Asalin rubutun da aka gina manhajar da shi sirrin kamfani ne, mai saye izinin amfani kawai yake biya. A jadawalin farashin Oracle, lasisin babban samfurinsa ya kai dala 47,500 a kan kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa ta kwamfuta, sannan a biya kashi 22 cikin ɗari na kuɗin duk shekara domin kulawa da sabuntawa. Manyan masu saye kan samu rangwame, amma kamfanin na da ikon aiko masu bincike su ƙirga abin da ake amfani da shi, kuma da yawa sun sha kokawa cewa binciken kan ƙare da sabuwar takardar biyan kuɗi.

Abin da ya fi farashin ɗaure mai saye shi ne wahalar fita. Bankin da ya shekara ashirin yana rubuta ƙa'idojin aikinsa da yaren da manhajar Oracle kaɗai ke fahimta, ba zai wayi gari ya tattara ya koma wani wuri ba.

'Yan jami'a da 'yan Suwidin

Hamayyar ta taso daga wuraren da ba a yi zato ba. A 1986 Farfesa Michael Stonebraker ya fara wani aikin bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda bayan shekara goma ya zama PostgreSQL a hannun 'yan sa-kai. A 1995 kuma MySQL ta fito daga wani ƙaramin kamfani a Suwidin. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne: kowa na iya karanta rubutunsu, ya gyara, ya rarraba.

Da farko manyan kamfanoni sun ɗauke su a matsayin kayan wasan ɗalibai. Bunƙasar intanet ce ta sauya lissafin, domin matasan da ke kafa shafuka ba su da kuɗin lasisi, kuma a kan MySQL aka gina Facebook da Wikipedia a farkonsu.

Daga nan labarin ya ɗauki wani salo. Kamfanin Sun Microsystems ya sayi MySQL a 2008 kan kusan dala biliyan ɗaya, shekara guda bayan haka Oracle ya sanar da sayen Sun ɗungurungum kan dala biliyan 7.4. Hukumar Tarayyar Turai ta shafe watanni tana nazarin ko an bai wa kura ajiyar nama, kafin ta amince a Janairun 2010. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri MySQL, Michael Widenius, bai jira hukuncin ba. Ya kwafi rubutun, kamar yadda lasisin ya ba shi dama, ya kafa reshe mai suna MariaDB, sunan da ya samo daga 'yarsa Maria. Wannan damar ta ɓallewa da kayan aiki a hannu ita ce babban makamin buɗaɗɗiyar manhaja, kuma za a sake ganin amfaninta.

A Oktoban 2019 Amazon ya sanar da cewa sashensa na cinikayya ya kashe rumbun Oracle na ƙarshe da yake amfani da shi, bayan kwashe bayanai daga rumbuna kusan 7,500, yana mai cewa kuɗin da yake kashewa a fannin ya ragu da sama da kashi 60 cikin ɗari. Ya kamata a karanta alƙaluman da lura, tun da Amazon na tallar tasa hajar ce. Duk da haka saƙon ya isa kunnen shugabannin kamfanoni. A binciken shekara-shekara na Stack Overflow na 2023, PostgreSQL ta zama rumbun da masu rubuta manhaja suka fi amfani da shi.

Wa ke cin ribar kyauta?

Nasarar ta zo da rigimarta. Amazon da Google da Microsoft sun ɗauki manhajojin kyauta, sun ɗora su a cibiyoyinsu, suna bayar da hayarsu ta intanet suna kwasar riba, yayin da ƙananan kamfanonin da suka yi wahalar rubuta su ke kallo. MongoDB ya tsaurara lasisinsa a 2018, Elastic ya bi sahu a 2021, Redis kuma a Maris na 2024. Martanin bai ɗauki lokaci ba: Amazon ya jagoranci reshen OpenSearch, kuma cikin 'yan kwanaki da matakin Redis aka kafa Valkey a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Cikin masu mara wa Valkey baya har da Oracle, abin da ya sa wasu murmushi. Daga baya Elastic da Redis duk sun dawo da zaɓin buɗaɗɗen lasisi, amma bayan wani ɓangare na jama'arsu ya riga ya yi ƙaura.

PostgreSQL ta tsira daga wannan tarko saboda ba ta da mai ita. Babu kamfani guda da zai iya sayar da ita ko ya sauya mata lasisi, don haka masu kuɗi suka koma sayen kamfanonin da ke kewaye da ita. Microsoft ya sayi Citus Data a 2019, sannan a 2025 Databricks ya sayi Neon kan kimanin dala biliyan ɗaya, Snowflake kuma ya sayi Crunchy Data.

Batun ya wuce kuɗi

Lokacin da Oracle ya dakatar da ayyukansa a Rasha a Maris na 2022 saboda mamayar Yukren, bankuna da hukumomin ƙasar da dama sun karkata ga manhajojin da aka gina kan PostgreSQL. Gwamnatocin da ba su da hannu a yaƙin ma sun ga cewa lasisi abu ne da takunkumi ke iya katsewa.

A Afirka matsalar ta fi shafar canjin kuɗi. Lasisin da ake biya da dala ya ninka a lissafin naira bayan faɗuwar darajarta daga tsakiyar 2023, ba tare da an ƙara wa mai saye komai ba. A ɗaya ɓangaren, manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda ma'aikatun lafiya a Najeriya da Nijar da Ghana ke tattara alƙaluman asibitoci da rigakafi da ita, a kan PostgreSQL take aiki.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa rashin kuɗin lasisi na nufin rashin kashe kuɗi. Rumbun kyauta na buƙatar ƙwararrun da za su kula da shi dare da rana, kuma irin waɗannan ƙwararru su ne ƙasashen waje ke saurin ɗaukewa. Shugaban bankin da ya sabunta kwangilarsa da Oracle ko Microsoft sau da yawa yana sayen wanda zai kira ne idan komai ya tsaya cak da tsakar dare, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Shi ya sa tsofaffin tsare-tsaren bankuna da kamfanonin sadarwa ke nan daram a hannun masu lasisi, yayin da sababbin ayyuka ke tafiya ga buɗaɗɗun manhajoji.

Akwai kuma sabon ƙangi da ke ƙulluwa. Aurora ta Amazon da AlloyDB ta Google suna magana da yaren PostgreSQL, amma cikinsu mallakar kamfanonin ne, kuma ba a samun hayarsu yadda suke sai a wurin masu su. Wanda ya gudu daga lasisi ya faɗa hannun mai ba da haya kan tarar da kuɗin fitar da bayanansa idan ya so tashi. Tarayyar Turai ta riga ta sa baki: dokarta ta bayanai da ta fara aiki a ranar 12 ga Satumban 2025 ta wajabta wa masu ba da hayar sauƙaƙa wa abokan hulɗa sauya sheƙa, kuma daga 12 ga Janairun 2027 za a haramta musu cajin kuɗin sauyawar gaba ɗaya. Kariyar ta tsaya ne ga masu hulɗa da ke cikin Turai, don haka banki ko ma'aikatar da ke Abuja ko Akara sai abin da ta iya rubutawa cikin kwangilarta kafin ta sa hannu.