Hutun bana, a bar yaranmu su gina layin dogo

'Yan uwa, dogon hutu ya gabato, kuma mun san inda yaranmu za su ƙare: kan waya. Shawararmu ita ce ƙungiya ta ware musu tebur ɗaya su gina ƙaramin samfurin layin dogon Abuja zuwa Kaduna.

Wasu za su ce sai an sayo jirgin wasa daga waje. A ganinmu jirgin shi ne na ƙarshe, babban aikin yana ga ƙasar da zai bi. Falankin katako daga kasuwar Dei-Dei ya isa zama tushe, amma a daidaita shi sosai, don in ya karkace jirgi ba zai zauna kan layi ba. Duwatsun Kubwa kuwa, tsohon kwali da takarda da sitaci sun wadatar. A yayyafa jar ƙasa, a rina garin katako kore ya zama ciyawa, a shimfiɗa yashi ƙarƙashin dogon. Gada kuma ga kara nan, wanda da shi muka ƙera motoci muna yara.

Har lissafi za su koya. Daga Idu zuwa Rigasa kilomita 186 ne. A ma'aunin da masu wannan sha'awa suka fi bi, kashi 1 cikin 87, layin zai haura kilomita 2. Dole yara su zaɓi yanki guda, su auna, su gano cewa mutum a teburin kusan santimita 2 ne.

Kada dai a kwaikwayi hotunan intanet masu dusar ƙanƙara da gidajen Turai. A dasa mana mai tsire da ɗan acaɓa a bakin tasha. Kafintocin cikinmu, wa zai kawo falankin?