Tsibirin Myst da Shari'ar 'Yan'uwa Biyu

Wani ma'aikaci daga cikin masu karanta wannan fili ya rubuto yana tambaya game da wani wasan kwamfuta mai suna Myst, wanda ya tarar ɗansa ya duƙufa a kansa. Da yake bai kamata a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba, sai muka zauna 'yan kwanaki muka gwada shi da kanmu.

Wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Rand da Robyn Miller, suka ƙaga shi a kamfaninsu na Cyan, ya fito a 1993. Ya fi kowane wasan kwamfuta kasuwa har 2002, aka kuma sabunta shi a 2020.

Mai wasa yakan buɗe wani littafi, sai ya tsinci kansa a wani tsibiri da ba kowa, yana ganin kome da idonsa kamar shi ne a wurin. Ba faɗa, ba wanda zai biyo shi, ba kuwa mai ce masa ga abin da zai yi. Sai ƙarar ruwa da iska, da hasumiyar agogo, da ɗakin karatu wanda aka ƙone galibin littattafansa. Wannan shiru shi ne ƙarfin wasan, domin yakan tilasta mutum ya natsu, ya karanta, ya riƙe alƙalami yana rubuta abin da ya gani.

A ɗakin karatun akwai littattafai biyu, ja da shuɗi. A cikin jan an tsare Sirrus, a cikin shuɗin kuwa ɗan'uwansa Achenar, dukansu 'ya'yan Atrus mai tsibirin. Kowannensu yana cewa zaluntarsa aka yi, ɗayan ne mai laifi, yana roƙon a kawo masa shafukan littafinsa da suka warwatse a duniyoyi huɗu, don ya kuɓuta. To, jama'a, a nan mai wasa ya zama alƙali. Sirrus mai daɗin baki ne, amma ɗakunansa cike suke da dukiyar da ya tara ta hanyar zalunci. Achenar kuwa, ɗakunansa makamai ne da kayan azabtarwa. Wanda ya yi gaggawa ya gaskata ɗayansu, ya miƙa masa shafin ƙarshe, shi ne zai maye gurbinsa a kurkukun. Mafita tana cikin koren littafin da su biyun suka haɗu a kan hana shi taɓawa.

Wannan darasi ne ga ɗan kasuwar da aka zo wa da ciniki mai zaƙi, da ma'aikacin da aka kawo wa ƙarar abokin aikinsa. Ƙaryar wani ba ta zama shaidar gaskiyar abokin gabarsa, kuma ayyukan mutum sun fi bakinsa bayyana halinsa. Akwai kuma gargaɗi ga iyaye, gama Atrus ya shagala da rubutunsa, bai farga da ɓarnar 'ya'yansa ba sai da ta yi nisa.

Ba mu ce wasan ba shi da aibi ba. A asalin wasan na 1993 ba a ɗaukar shafi fiye da ɗaya a lokaci guda, saboda haka sai an maimaita tafiya. Akwai wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa a duniyar Selenitic wadda sauti ne jagoranta, wanda bai gane haka ba zai sha wuya. Yana kuma cin lokaci ƙwarai.

Amsarmu ga mai tambaya ita ce, kada ya ƙwace wasan. Ya ƙayyade wa yaron lokaci yadda ba zai taɓa salla da karatu ba, sa'an nan ya zauna kusa da shi ya tambaye shi wanne daga cikin 'yan'uwan ya gaskata, kuma da wace hujja. Allah ya sa mu dace, amin.