Mayar da motoci kan gas: Wa zai gwada lagireto kafin a hau hanyar Tsafe?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ke kwaɗaitar da direbobi su koma amfani da iskar gas ta CNG. Bayan fashewar wata mota a gidan gas a birnin Benin cikin Oktoban 2024, hankali ya karkata ga ingancin tukunyar gas. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato tsarin sanyaya inji.

Injin da aka ƙera don fetur aka juya shi zuwa gas tamkar injin gwaji ne. Fetur kan ɗan sanyaya bawul yayin da yake shiga, gas kuwa a bushe yake shiga, don haka kan inji ya fi ɗaukar zafi. Haka nan, iskar da aka matse a tukunya takan yi sanyi ƙwarai idan aka sassauta mata, shi ya sa ake jan tiyo daga ruwan lagireto zuwa na'urar rage ƙarfin gas domin ɗumama ta. Kowane sabon mahaɗi kafa ce ta yoyo.

A Zamfara lamarin ya wuce asarar kuɗi. Zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ga kanikawa da dama sun saba cire makullin da ke daidaita zafin ruwa, su cika lagireto da ruwan rijiya mai barin tsatsa. Motar haya da ta tafasa tsakanin Gusau da Tsafe, ko a hanyar Bunguɗu, ta tsaya ne inda 'yan bindiga suka sha tare matafiya.

Gwajin kuwa ba shi da tsada: a matsa iska cikin lagireto a ga ko yana yoyo, a tabbatar fanka na tashi a kan lokaci, sannan a zaga da motar ɗauke da kaya da tsakar rana ana duban ma'aunin zafi.

Ya kamata hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci da ƙungiyar direbobi ta NURTW su mayar da wannan gwaji sharaɗi, da takardar shaida a hannun direba, kafin motar da aka juya ta yi lodi a tasha. Rangwamen kuɗin mai bai kai ran fasinja ba.