Na'ura ta samu bayani, manomin Damargu fa?

Ƴan'uwa ɗalibai, ku ji abin takaici. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da tsarin MCP, wanda ke haɗa na'ura mai ƙwaƙwalwa da kayan aikinta. Na'urar ba ta ganin kayan, bayaninsu kaɗai take karantawa: me wannan ke yi, yaushe ake ɗaukarsa, me ake ba shi. In bayanin ya yi duhu, sai ta ɗauko wanda bai dace ba. Shi ya sa masana ke gwada kowace jimla, su gyara, su sake gwadawa.

To, leƙa kasuwar Tanut ko ta Balbaji. Kwalbar maganin ƙwari da Faransanci ko Ingilishi take, wani maganin ma an juye shi a gorar ruwa, ba ko takarda. Murfi nawa a lita nawa? Kwana nawa bayan feshi za a ci waken? Mai tebur ya ce: “Baba, zuba kawai!” Haba jama'a! Na'ura ta kuskure, a sake danna mata. Manomi ya kuskure, gona ta ƙone, yara su kwana a likita.

Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Saboda haka a rubuta bayanin da Hausa, boko da ajami, a karanta wa manomi goma, su auna a gaban mutane. In sun auna ba daidai ba, laifin takarda ne, a koma a gyara kafin kwalba ta hau tebur.