Takardar tambayoyi ba ta san zango ba

Kusan kowace shekara sai masu bincike sun shigo zango, kuma wasiƙunsu ta hannuna suke bi kafin su gana da Sarki. Tambayarsu ɗaya ce: nawa kake samu a wata, mutum nawa ne a gidanka? Su cike gurabe su koma jami'a, gobe a ce bincike ya nuna kaza a kanmu. A ganina wannan hanya gurguwa ce.

Wa zai faɗa wa baƙo abin da yake samu a zaure, jama'a na saurare? Balle dattawan da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya karyar da gidansa ya hau mota, in ya ga biro da takarda sai ya rage komai, har 'ya'ya. Sannan samunmu ba na wata-wata ba ne. Dillalin shanu la'ada yake ci, maigida kuwa da mutuncinsa yake tsaya wa mahauci bashi a wurin fatake. Wane gurbi ne zai ɗauki wannan?

Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi aiki a Jami'ar Gana, ba haka ta yi ba. Ta bi manoman koko har gonakinsu, ta duba taswirar filayensu, sai littafinta na 1963 ya nuna cewa da yawansu masu jari ne da suka yi ƙaura, suka haɗa kuɗi suka sayi daji. Daga baya ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta gano cinikin hatsi da abinci da matan kulle ke yi a cikin gida, yara na kai talla. Mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai taɓa ganin wannan ba. Malaman hadisi ma, Allah Ya saka musu, ba su karɓar ruwaya sai sun san mai faɗa da wanda ya ji daga gare shi.

Sai dai mu ma da laifinmu. Da alƙaluman ƙidaya hukuma ke raba makaranta, asibiti da famfo. Gidan da ya ce mutum shida alhali sha biyar ne, kansa da unguwarsa ya cuta.

Shawarata ga masu unguwanni: duk mai binciken da ya nemi izini, a gindaya masa sharaɗi biyu. Ya zauna tare da mu ko da wata uku ne, kuma kafin ya buga ya dawo fada ya karanta mana abin da ya rubuta, da Hausa.